Kama da Wane Ba Ta Wane: Tsohon Jak da Maganar Asali

Ƴan'uwa ɗalibai, ga tambayar da na kawo muku a wannan fitowa. Mutum ya samu tsohon abu, ya kankare tsatsarsa, ya sauya masa abin da ya lalace, ya shafa masa fenti, sannan ya kai shi kasuwa ya ce: “Na asali ne.” Gaskiya ya faɗa ko ƙarya? Kada ku yi saurin amsawa. In kun ce ƙarya ce, to duk mai gyara ya zama maƙaryaci ke nan, har da magini da baduku da maɗinki. In kuma kun ce gaskiya ce, kun buɗe wa ƴan algus ƙofa, kowa ya ƙera abinsa jiya ya ce tun zamanin Tanimun yake.

Don kada maganar ta tsaya a iska, zan ɗora ta a kan abu ɗaya da kowa ya sani, wato jak, ƙarfen nan da ake ɗaga mato da shi idan taya ta yi faci. A garejojin Damagaram za ka ji ana kiransa kirik, daga Faransanci. A Kano da Katsina jak ake cewa, daga Ingilishi. Ƙarfe ɗaya, suna biyu. Za mu dawo kan sunan daga baya.

Mutum uku, ƙarfe ɗaya

Ku ɗauki tsohon jak na Peugeot 404 ko 504, irin matocin da suka daɗe suna ɗaukar mutane da buhuna tsakanin ƙauyukanmu da birni. Ita 404 ta fito a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968, kuma daga 1975 aka riƙa haɗa matocin Peugeot a Kaduna. Shi ya sa kayansu suka cika ƙasar Hausa, hagu da dama na iyaka. Har yau a kan samu irin wannan jak a ƙarƙashin kujerar wata a-kori-kura, ko a kusurwar gareji cikin tarkace.

Mutum uku ne ke iya tayawa. Na farko direba ne da ke bin hanyar Gaffati zuwa Damagaram ran Alhamis, ranar kasuwa. Shi tambayarsa ɗaya ce: zai ɗaga mato da kaya a kanta, a cikin rairayi, ba tare da ya suɓuce ba? Na biyu ɗan gwangwan ne. Shi ba ruwansa da aiki ko tarihi, sikeli ne alƙalinsa. Kilo nawa, a biya, a kai narka. Na uku kuwa shi ne mai tara tsofaffin matoci, wanda galibi ba a nan yake zaune ba. Shi so yake ya san ko wannan jak ɗin shi ne irin wanda kamfani ya sako a cikin mato ranar da ta fita daga masana'anta.

Wannan na ukun yana iya ba mu dariya, amma harkarsa babba ce a Turai da Amurka. Akwai masu kashe shekaru suna dawo da tsofaffin matocin gudu yadda suke tun farko, irin su Porsche 356, wadda aka ƙera daga 1948 zuwa 1965, da Jaguar E-type ta 1961. Akwai gasar nuna irin waɗannan matoci, kamar wadda ake yi a Pebble Beach ta jihar Kalifoniya tun 1950, inda alƙalai ke duba mato ciki da waje don su ga ko kayanta na zamaninta ne. A irin wannan duniya, jak ma yana da dangi da asali. Kamfanonin mato ba su ne ke ƙera jak da kansu ba, saya suke yi daga wasu: Bilstein na Jamus ya yi wa Porsche da Volkswagen, Shelley na Ingila ya yi wa matocin Ingila da dama, Battaini na Italiya ya yi wa Ferrari. Kuma kada mu ɗauka matocinmu na haya ba sa cikin dangin: 504 ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, ƴar'uwarta mai ƙofa biyu kuma ta sake ci a 1978.

To yaya suke gane na asali? Suna duba sunan maƙeri ko tambarinsa da aka buga a jikin ƙarfe. Suna duba siffa: mai murɗi ne da ke miƙewa tsaye, ko mai buɗewa kamar almakashi, ko mai hannu da ake zurawa cikin rami a gefen mato. Suna duba launin fentin farko a lungun da rana da hannu ba sa kaiwa. Suna duba yadda aka haɗa sassa, ko da ƙusa ce da aka dandaƙe kanta, ko da walda. Suna duba cin da haƙoran murɗi suka yi, don shekara hamsin na aiki tana barin sawu wanda takardar goga ƙarfe ba ta iya kwaikwaya. Saboda jak ɗin Volkswagen, mato mai araha, ya yi kama da na Porsche, mato mai tsada, sai ido ya buɗe sosai. Hausawa sun riga sun gama maganar: kama da wane ba ta wane.

Ina gyara ke tsayawa?

Yanzu a ce wani makanike a Damagaram ya samu irin wannan jak. Ya jiƙa shi a cikin gas, ya wanke, ya sa masa giris. Har yanzu na asali ne? Kowa zai ce e. Ya kankare tsatsa, ya yi masa sabon fenti. Har yanzu? Direba zai ce ya ma fi kyau. Mai tarawa zai ɗan ɓata fuska, don an shafe masa shaida, amma zai yarda. To ya ga notin da sandar murɗi ke bi ta ciki ya cinye, ya sa wani. Ya ga gindin ya tsage, ya kai wa mai walda ya yanko sabon faranti. Hannun juyawa ya ɓata, maƙeri ya lanƙwasa masa wani daga rodi. A ƙarshe abin da ya rage na farko shi ne ɗan ƙarfen da ke ɗauke da sunan kamfani. A wane mataki ne jak ɗin ya daina zama shi?

Tsoffin Girkawa sun yi wannan gardama a kan jirgin ruwan wani jaruminsu, Tesiyus, wanda aka riƙa sauya masa katako ɗaya bayan ɗaya har babu na farko ko guda. Amma mu ba sai mun je Girka ba. Ku dubi gidajen ƙasa na unguwar Birni, har da fadar Sarkin Damagaram. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe. Damina ta ci, a sake shafawa. Bango ya tsage, a cike. Azara ta ruɓe, a sauya. Da za a ce gini ya daina zama na asali ranar da aka fara yi masa yaɓe, da babu tsohon gida ko ɗaya a ƙasar Hausa. Amma ba wanda ke cewa an yaudare shi idan an nuna masa gidan kakansa. Me ya sa? Domin yaɓen a bainar jama'a ake yin sa. Unguwa ta ga an kwaɓa ƙasa, ta ga magini a kan tsani. Ba a ɓoye kome ba.

Ga wani misali daga ƙasarmu. Iccen Tenere, wanda ya daɗe tsaye shi kaɗai a tsakiyar hamada yana nuna wa ayari hanya, wata babbar mato ta kaɓe shi a 1973. An kwashe gangar jikinsa an kai gidan tarihi na Yamai, aka kafa wani na ƙarfe a gurbinsa. Wannan na ƙarfen babu ko tsinke ɗaya na iccen farko a jikinsa, duk da haka ba wanda ya taɓa kiransa jabu. Ba ya riya cewa shi icce ne. Duk wanda ya gan shi ya san abin da ya faru. Da a ce an dasa wata ƙaya a wurin aka ce ai ita ce ta dā, to nan ne da an yi ƙarya, ko da kuwa ƙayar ta fi ƙarfe kama da icce sau dubu.

Daga nan nake ganin amsar tambayarmu. Ƙarya ba a jikin ƙarfe take ba, a bakin mai sayarwa take. Jak ɗin da aka sauya wa noti da gindi da hannu bai yi wa kowa ƙarya ba. Mutumin da ya shafe wurin waldar da fenti mai kauri, ya zuba masa ƙura don ya yi kama da tsoho, ya ce “haka ya fito daga kamfani”, shi ne ya yi. Shi ma wanda bai furta kome ba, amma ya tsara abin yadda mai saye zai yi zaton abin da ba haka ba, yana kallo yana shiru, ya yi magana da hannunsa.

Abin da wasu za su ce

Na san akwai masu ja. Na farko zai ce: “Malam, ai kasuwa ce. Mai saye ya buɗe idonsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.” Gaskiya ne, amma ku lura da karin maganar da kyau. Ramukan rariya a fili suke. Karin maganar tana kare wanda ya sayar da abu mai aibin da ake gani. Ba ta kare wanda ya liƙe ramukan da ƙullu ya sayar da ita a matsayin ƙwarya. Malamanmu na fikihun Malikiyya sun daɗe da raba wannan: a babin ciniki, kamar yadda ake karantawa a Risala a makarantun zaure, an hana ɓoye aibin kaya da algus, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da haƙƙin mayarwa. Ba a hana ka sayar da gyararre ba. An hana ka ɓoye gyaran.

Na biyu zai ce: “In dai yana aiki, ina ruwan wani da tarihinsa?” Wannan shi ne mafi ƙarfi, don ga direba aiki shi ne kome. Amma a nan ne jak ya bambanta da agogo ko takalmi. Agogo ya yi maka ƙarya, ka makara. Jak ya yi maka ƙarya, mato ce ke sauka a kan ƙirjin mutum. Dukkan nauyin yana rataye ne a kan ƴan haƙoran murɗi da notin da ke riƙe su. Idan notin da aka sa na ƙarfe mai taushi ne, ko waldar gindin ba ta shiga ba, ba za ka gane a gareji ba. Zai ɗaga mato marar kaya lafiya lau. Sai ranar da aka loda buhunan gero, taya ta fashe a tsakiyar daji, yaron mato ya zura hannu ko ya kwanta a ƙasa, sannan gaskiya ta fito. Direban da aka gaya wa “an yi masa walda a nan” zai nemi katako ya shimfiɗa a ƙarƙashi don kada ya nutse a rairayi, ya tokare mato da kututture kafin kowa ya matsa kusa. Haka ya kamata a yi da kowane jak, sabo ko tsoho, don aikinsa ɗagawa ne, ba riƙewa ba. Amma wanda aka rantse wa cewa “orijina ne, ba a taɓa shi ba” ya fi saurin sakin jiki. Tarihin ƙarfen wani ɓangare ne na aikinsa. Wanda ya ɓoye maka tarihin ya karɓe maka damar yin hattara, kuma wanda zai biya kuɗin ba shi ne ya yi cinikin ba. Wani yaro ne ɗan shekara goma sha shida.

Na uku zai yi murmushi ya ce: “To shi wancan mai kuɗin na ƙasar waje fa? Shi ba zai ɗaga kome da shi ba, a cikin akwatin mato zai ajiye yana kallo. Kakanninsa sun kwashe mana abin da ya fi jak. In na ci nasa, me na yi?” Na fahimci zafin da ke cikin maganar. Amma hannun da ya koyi shafe walda da fenti ba ya tambayar fasfo. Yau baƙo ne, gobe direban Mirya ne, jibi ɗan ƙanwarka ne. Sannan akwai asarar da ba a gani nan take: idan aka san wani gari da sayar da jabu, har na gaskiyar da ke hannun mutumin kirki ya rasa daraja. Daga nan sai ɗan gwangwan ya zama shi kaɗai ne mai tayawa, a auna tarihi a sikeli.

Alamar da ba a gogewa

Su kansu masu tara tsofaffin matoci sun gane cewa ba za a hana gyara ba. Ƙungiyarsu ta duniya, FIVA, ta amince da wata yarjejeniya da ake kira ta Turin a 2012. Abin da ta nema shi ne a rubuta duk aikin da aka yi, kuma sashen da aka sabunta a sa masa alama don wanda zai zo daga baya ya gane. Tun a 1964 masu kula da tsofaffin gine-gine suka tsayar da irin wannan ƙa'ida a birnin Benis na Italiya: abin da aka ƙara ya dace da ginin, amma a iya bambanta shi da na farko. Wato ba su ce kada ka taɓa ba. Cewa suka yi ka taɓa, amma ka bar sawunka.

Ni a wajen nazarin harshe na fi ganin kyan wannan ƙa'ida. Yadda mai tarawa ke juya jak yana neman tambarin maƙeri, haka muke juya kalma. Ku dubi “lokaci” da “labari” da “littafi”. Wannan “l” da ke farkonsu tambari ne: ragowar “al” ce ta Larabci. Ku dubi “lekwal”; nan ma “l” ɗin ta Faransanci ce, ta maƙale wa kalmar ta biyo ta. Ku dubi kirik ɗin da muka fara da shi. Bafaranshe yana haɗa baƙi biyu a farkon kalmar ba wasali a tsakani. Bakin Bahaushe bai saba da haka ba, sai ya sa “i” ya raba su. Wannan “i” ɗin waldarmu ce, kuma a fili take. Ita kanta kalmar “asali”, wadda muke auna kome da ita, daga Larabci muka aro ta.

Na kawo wannan ne saboda wata gardama da muke yawan yi a tsakaninmu, ta “Hausar asali”. Wani ya ce mu ƴan Nijar mun gurɓata Hausa da Faransanci, wani ya rama da cewa na Najeriya sun cika ta da Ingilishi, kowa na da'awar tasa ce ba a taɓa ba. Babu wadda ba a taɓa ba. Harshen da ke aiki kamar jak ɗin da ke aiki yake: an sauya masa noti, an yi masa sabon hannu, kuma shi ya sa har yanzu yake ɗaga kaya. Abin kunya ba aro ba ne. Abin kunya shi ne ka goge tambarin ka ce kakanka ne ya ƙera. Haka kuma ɗalibin da ya kwashi shafi uku daga intanet ya sauya kalma biyar ya sa sunansa, aikinsa ɗaya da mai shafe walda da fenti. Wanda ya ce “na ɗauko wannan daga wane, na ƙara wannan daga kaina” kuwa, gyara ya yi, kuma babu abin da ya ragu a darajarsa.

Abin da ya rage mana

Kada a ɗauka ina fifita kayan kamfani a kan na maƙeranmu. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, a nan Damagaram aka riƙa zuba igwa. Jikokin masu irin wannan hannu su ne ke riƙe da matocin da kamfaninsu ya daina yi musu kaya tun tuni. Jak ɗin da wani gwani ya sake wa gindi da ƙarfe mai kauri yana iya fin na kamfani ƙwari a cikin rairayinmu. Abin takaicin shi ne, sau da yawa shi gwanin da kansa ke ɓoye aikinsa, don ya san in ya ce “ni na yi” za a rage kuɗi, in ya ce “na Turawa ne” a ƙara. A nan laifin ya zama na mu masu saye ma. Mu muka koya wa kasuwa cewa sunan baƙo ya fi hannun ɗan gida tsada, sannan muna mamaki idan an sayar mana da suna.

Saboda haka nauyin biyu ne. Mai gyara ya faɗi abin da ya yi: wannan na farko ne, wannan na sauya, nan na yi walda. Ba dogon bayani ba ne, numfashi ɗaya ne. Mai saye kuma kada ya hukunta shi don ya faɗa. In makanike ya nuna maka wurin waldarsa, kada ka ce “ashe ma gyararre ne” ka zabge masa rabin kuɗi. Ka tuna ya ba ka abin da ɗayan ya hana ka. In muna biyan mai ɓoyewa fiye da mai bayyanawa, to mu ne muke ɗaukar nauyin ƙarya, ko da ba mu furta ta ba.

Wanda ke da tsohon jak a gida, kafin ya miƙa wa ɗan gwangwan ko ya dulmiya shi cikin fenti, ya wanke shi tukuna ya karanta abin da ke rubuce a jikinsa. Ya tambayi tsohon da ya yi aiki da shi: na wace mato ce, wa ya gyara shi, yaushe? Ya rubuta a ƴar takarda ya ɗaure a jiki. Ranar da zai sayar, takardar ta tafi tare da ƙarfen.